Wa ya karanta The Fox na Forsyth?

Baban Hauwa, Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Na gama The Fox na Frederick Forsyth, wanda ya fito a 2018, kuma wallahi raina bai so ba. Mutumin nan ne fa ya rubuta The Day of the Jackal a 1971, inda kake bin maharbin tun daga maƙabarta yana neman sunan yaron da ya rasu don ya yi fasfo da shi, har wurin maƙerin da ya haɗa masa bindigar da ke ɓuya cikin sandar guragu. Ka san de Gaulle, shugaban Faransa da aka yi hayar maharbin ya kashe, ba zai mutu ba, amma ba ka iya ajiye littafin. A The Fox kuwa, ɗan shekara 18 zai zauna gaban kwamfuta, kafin ka ce kwabo ya kutsa sirrin Amurka, gobe Rasha, jibi Iran. Ta yaya? Shiru. Ni kaɗai ne?

Maman Sadik, Madina: Ba kai kaɗai ba ne, Yaya. A rabi na tsaya. Yaron ba ya kasawa ko sau ɗaya, to me zai sa gabana ya faɗi?

Malam na Misfala, Makka: Ku yi masa uzuri. Shekararsa 80 lokacin. Tun 2016 ya ce ya daina irin wannan rubutu, don matarsa ta ce ya tsufa da shiga wurare masu haɗari. Shi kuwa ƙafarsa ce jarinsa. Yana Gine Bisau a 2009 yana binciken wani littafi aka kashe shugaban ƙasar, Vieira. Mutumin da har tsufansa da tafireta yake rubutu, ka ce ya yi maka bayanin masu kutse? Ni ma na ji ciwo, Hajiya, amma sai da na kai ƙarshe saboda tsohuwar zuma.

Ɗalibi, Riyad: Malam, da girmanka, uzurin bai shige ni ba. Kwamfuta nake karanta. Kutse aiki ne na watanni, a bi ma'aikaci da wasiƙar yaudara, a jira ya danna. Irin aikin haƙurin da Forsyth ya fi kowa iya zayyanawa ke nan, da ya zauna da masu sana'ar ya tambaye su.

Baban Hauwa: Abin da ke cina ke nan, ƙanena.

Alhaji mai shago, Bab Sharif: Mahaifina a Kano bai taɓa yafe wa Forsyth goyon bayan Ojukwu a yaƙin Biyafara ba, amma Jackal ɗinsa har bango ya cire don karatu. Da na kai masa The Fox tsaraba, kwana biyu ya maido mini, ya ce ba wannan mutumin ya sani ba. Forsyth ya rasu a watan Yunin 2025. Tsofaffin littattafansa suna shagona, mai son aro ya biyo bayan isha'i.