Shin NFT zai amfani mai zane a Katsina?

Mai zane daga Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina zana hawan Sallah da hasumiyar Gobarau a kwamfuta, kuma an shawarce ni da in sayar da su a matsayin NFT. Don Allah, me mai saye yake mallaka, tunda kowa zai iya kwafar hoton?

Malamar makaranta daga Daura:
Wa'alaikumus salam, ƙanina. Abin da yake saya, wato NFT ɗin, shi ne shaidar mallaka da aka rubuta a blockchain, wani kundin ajiyar bayanai na intanet, galibi wanda ake kira Ethereum, kuma ba a iya goge ta. Hoton kansa yana nan kowa na kallo, haƙƙin zanen kuma yakan zauna hannunka sai in ka sayar da shi daban. A Maris 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da NFT na aikin Beeple, mai zane ɗan Amurka, kan sama da dala miliyan 69, kuma a shekarar gidan ya baje ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya mai zane da Microsoft Word.

Ɗan kasuwa daga Ƙofar Soro:
Malama ta yi bayani, amma kasuwar ta faɗi warwas tun 2022. Akwai kuma kuɗin rajistar kowane zane, wanda ake biya da kirifto, wato kuɗin intanet, ko da ba a sami mai saye ba a wasu dandamalin. Ni dai da zan ba ka shawara, Malam, ka buga dawakan nan a takarda mai kauri, ka fara neman masu saye a Kano da Abuja.