Me ya haɗa ka'idar wasa da harin DDoS?

Ɗan_Saba: Jama'a, daren jiya buƙatun bogi masu yawa daga na'urori daban-daban, wato harin DDoS, suka durƙusar da sabarmu (kwamfutar da ke riƙe shafinmu). Ina toshe adireshin IP (lambar na'ura a intanet), maharan suna sauyawa, har asuba. An ce ka'idar wasa, wato lissafin dabarun masu hamayya, na taimakawa. Ta yaya?

Yaya_Binta: Ƙanena, kai da maharin kowa lissafin asararsa yake. Ka tsaurara tacewa, ka kori baƙinka na gaskiya. Ka sassauta, ya cinye maka layi. Inda babu mai cin riba in ya sauya dabara shi kaɗai, nan ne daidaiton Nash.

Injiniya: Ku tuna 2016, manhajar kutse Mirai ta kada Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, da kyamarorin da aka yi wa kutse, kusan kyauta. Ka sa kowace buƙata ta yi wa maharin tsada tukuna.

Ɗan_Saba: Na gode, yau zan iyakance buƙatun.