In ɓera da sata, daddawa ma da wari: wa ake wankewa?

Bakanon Bronx: Jama'a ku raba ni da yayana. Ranar Asabar muna kallon ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, sai aka hasko koci Rick Pitino yana daka wa yaran St. John's tsawa. Na ce ikon Allah, dattijon da jami'ar Louisville ta sallama a 2017, lokacin da FBI ta tono cewa mutanen Adidas sun shirya ba iyalin wani yaro dala dubu 100 don ya zaɓi makarantar, yau shi ake wa tafi. Yaya ko waiwayowa bai yi ba, ya ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Na ce Yaya wannan ai wanke ɓarawo ne. Ya ce ban san Hausa ba. Ni da aka yanke wa cibiya a Fagge! Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shin uzuri ake wa ɓera da maganar nan, ko laifin ake rabawa biyu?

Malam Na-Gefe: Ƙanina, ka saurari "ma" ɗin da ke ciki. Ba a ce ɓera bai yi sata ba, an tabbatar masa da satarsa tun a farkon magana, sannan aka waiwayi mai kaya. Yayanka bai wanke kowa ba. Kuma a yi adalci, Pitino ya ce bai san da kuɗin ba, kwamitin da ya duba lamarin a 2022 ma bai kama shi da laifi ba.

Bakanon Bronx: Malam, kofin da Louisville ta ci a 2013 fa? An ƙwace shi saboda matan banza da wani yaron kocin ya riƙa kawowa masaukin 'yan wasa, har da yaran da ake zawarcinsu. Nan ma bai sani ba. Maigida bai taɓa sanin abin da ke faruwa a zaurensa ba, sai ranar ɗaga kofi.

Ɗan Kwando: Ni tambayata, a labarin nan wace ce daddawar? Idan yaron ne, to shi ya fi kowa shan wuya. Yaron nan, Brian Bowen, bai buga wa kowace jami'a wasa ko ɗaya ba, sai Ostareliya ya tafi neman abinci. Idan kuma kuɗi ne, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta sayar wa gidajen talabijin gasar watan Maris kan dala biliyan 10.8 a 2010, yaran da ke zufar kuwa an haramta musu karɓar ko sisi bayan tallafin karatu. Da ni ne Yaya, "kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi" zan ce.

Hajiyar Maradi: To ai kai ma ka kawo wata, ba mu gama da ta farko ba.

Jikar Mai Kalwa: Ku dakata, maganar nan a gidanmu aka yi ta a aikace. Kakata sana'arta ke nan. Ta dafa kalwa kwana guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa, ta rufe a kwando ta kai ɗakin baya. Ranar da za a buɗe, ko makaho ya biyo layinmu ya san gidan. Tana da wata yarinya 'yar riƙo da ke mata talla, tun sassafe take ɗaukar faranti sai la'asar. Sai ciniki ya fara zuwa da giɓi, yau babu sisi, gobe babu sule. Kawuna, autanta, ya ɗauko tsumagiya ya ce yau sai yarinya ta faɗi inda take kai kuɗi. Kaka ta tare ƙofa ta ce, "Ajiye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ce nake tura ta da cikin wofi, ta wuce mai ƙosai da kuɗi a hannu." Daga ranar sai ta karya kumallo take fita, kuma kullum da kwabonta na kashewa.

Malam Na-Gefe: Kun ji ko? Mai kaya ce ta faɗa wa kanta. A bakin mai kaya maganar ke da kyau. Ɓera ya faɗe ta, ta zama rashin kunya.

Jikar Mai Kalwa: Malam ban gama ba. Giɓin bai tsaya ba. Kaka ta yi shiru, ta riƙa ƙirga kuɗin gaban yarinya, su cika cif, ta zuba a kumbo ƙarƙashin gado, da safe su ragu. Wani dare ta barbaɗa toka a bakin gadon. Da asuba ga sawun ƙato, yatsa biyar, da ɗan karkacen babban yatsa irin na gidanmu. Mai tsumagiyar ne. Ba ta daki kowa ba, ba ta kuma faɗa wa Malam kakanmu ba. Ta dai kira Kawu ta ce ya share tokar da hannunsa.

Ɗan Kwando: Wallahi shari'ar 2017 ce sak. Mutum 10 aka kama, 4 mataimakan koci ne, su huɗun duka baƙar fata. Book Richardson na Arizona ya amsa cewa ya karɓi dala dubu 20, ya yi wata 3 a gidan yari. Maigidansa Sean Miller ya ci gaba da zama a kujerarsa har 2021, shekara ta zagayo jami'ar Xavier ta ɗauke shi. Jami'ar Kansas kuwa ana tsaka da bincikenta ta ba kocinta Bill Self kwantiragin da ba ya ƙarewa, ya ci kofi a 2022. Abin dariyar, a kotu masu gabatar da ƙara cewa suka yi jami'o'in ne aka damfara. Daddawa ce ta kai ƙara!

Sarkin Shagube: Mu nan gida ai mun fi su tsari. Daren zaɓen fid da gwani a kulle deliget a otal, a yi ta auna warin kowace jaka. In asiri ya tonu a kama direba da mai riƙe jaka. Oga ya sauya sheƙa, takardun ƙara su yi ɓatan dabo. Ban kira sunan kowa ba, wanda ya tsargu shi ya sani.

Hajiyar Maradi: Kai dai Sarki ko zancen miyar kuka ake sai ka kai mu gidan gwamnati.

Sarkin Shagube: Hajiya can aka fi zuba daddawa.

Malam Na-Gefe: Ni abin da ke ɗaure min kai, satar ma sauya suna take. Koci Kelvin Sampson ya bar jami'ar Indiana a 2008 saboda yawan buga wa yaran da yake zawarci waya, aka ɗora masa takunkumin shekara 5. A 2012 aka sassauta dokar wayar. Tun Yulin 2021 kuma yaro na iya karɓar kuɗin talla da sunansa a fili. Abin da ya hana Bowen wasa, yau a jarida ake shelarsa. To a da ɗin sata ce, ko doka ce ta kira shi sata?

Bakanon Bronx: Malam, doka ce suka sa wa hannu da kansu, wasu suka kiyaye suka yi ta shan kashi a fili. Koci Bruce Pearl ba gasa wa yaron da yake zawarci nama a gidansa ne ya kore shi daga jami'ar Tennessee a 2011 ba, ƙaryar da ya yi wa masu bincike ce, alhali ga hoto. Ita ma ƙaryar warin daddawa ne ya jawo ta?

Ɗan Kwando: Jami'ar Auburn ta ɗauke shi a 2014 tun takunkumin da aka ɗora masa bai ƙare ba, ka sake lissafi.

Hajiyar Maradi: Ni yarinyar ce ke raina. 'Yar nan, an ba ta haƙuri kuwa?

Jikar Mai Kalwa: Hajiya wa zai ba 'yar riƙo haƙuri a wancan zamani? Kaka dai ta yi mata kayan ɗaki da ta tashi aure, har da gado mai rumfa. Amma har ta bar gidan wasu na ce mata mai dogon hannu. Kawu kuwa daga baya har kansila ya yi.

Sarkin Shagube: Allahu akbar! Ni ban ce komai ba, ku shaida.

Bakanon Bronx: To yanzu me zan ce wa Yaya? Juma'a a mota ɗaya muke zuwa masallaci.

Malam Na-Gefe: Ka gaishe shi, ka tambaye shi a bakin wa ya ari maganar, na Kaka ko na Kawu.

Hajiyar Maradi: Kar ka soma, sai ya sauke ka a hanya. Ka kai masa daddawa kawai. Ana samun ta kalwa a can, ko ku ma ta waken soya ake sayar muku?