Yaya ake tsara shafin kundin hotuna ba tare da ya cushe ba?

Maman Ƴan Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina unguwar Zariya nan Maradi. Bayan babbar salla za a yi bikin ɗiyata ta fari, kuma ina so in haɗa mata kundi da hannuna ta tafi da shi ɗakinta: hotunan sunanta, na shigarta lakwal, na saukar karatunta, da katin gayyata da ƙyallen ankon biki. Akwai kuma tsofaffin hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, baƙi da fari, waɗanda ba mu da kwafinsu ko'ina. Na sayi takardu masu kauri girman A4 da kol da almakashi. Tsarin ne ya tsaya mini. Da na jera su kan takarda sai shafin ya cushe, ido ya rasa inda zai sauka. Hoto nawa ake sa wa shafi guda? Ina rubutu zai zauna? Kuma ƙyalle yana liƙuwa da takarda?

Mai Wankin Hoto, Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya jiƙan Inna. Kafin maganar tsari, don Allah kada almakashi ko kol ya taɓa tsofaffin hotunan nan. Ki kai a yi musu sikan a wanko sababbi, su za ki yanka yadda kike so. Kada kuma a ce miki a rufe su da ledar nan da ake mannawa da inji. Da zafi ake yin ta, kuma in ta kama ba ta fita. Salatif ma da daɗewa ja yake yi, ya bar tabo a fuskar mutum.

To, tsari. A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, hoton da muka fi wankowa kuma 10 da 15 ne. Ki fara barin santimita 3 a gefen da za a ɗinke kundin, da ɗaya da rabi a sauran gefunan, ki ja layi da fensir a hankali. In kika kwantar da hotuna biyu, ɗaya bisa ɗaya, sun ci santimita 20 na tsawon, abin da ya rage na kan magana ne da rubutu. Kin ga ke nan biyu sun isa. Wanda na fi so ma shi ne a wanko guda babba, 13 da 18, ya zama shi ne mai shafin, a sa ƙanana biyu da aka rage a ƙarƙashinsa. Kamar jeren ɗakin amarya ne, babbar kwalla ake fara zaunarwa, sannan ƙanana su bi ta.

Shafi guda, labari guda. Ranar suna shafinta daban, sauka nata daban. Babban hoton kada ki dasa shi tsakiya cif, ki ɗan gusa shi sama ko gefe. Ki duba kuma inda mai hoton ke kallo: in ta juya dama, ki sa ta hagu don ta kalli cikin shafin. Filin da ya rage fari ki bar shi haka, ba dole ne kowane lungu ya samu fure ba. Ki jera komai ba kol, ki ɗauka da waya ki duba, in ya kwanta miki sannan ki liƙa.

Gwaggo Mai Ɗinki, Tibiri:
Ƙanwata, ƙyalle yana liƙuwa, amma ki wanke shi tukuna sitaci ya fita, ki goge shi sosai. Kol na ruwa yana sa takarda ta yamutse, don haka a bakin ƙyallen kaɗai za ki shafa, ɗan kaɗan, ki danne da littafi mai nauyi ya kwana. Ni zare da allura nake bi, ɗinki huɗu a kusurwoyi, ya fi mini tsabta.

Atamfa tana da surutu. In kika shimfiɗa ta duk shafin, ta cinye hoton. Ki yanko siririya, faɗin yatsa biyu, ki bi gefe guda da ita. Launukan shafin kada su wuce uku, ki tsamo su daga kayan da ke jikin mai hoton. A nan na ɗan saɓa da Malam kan filin fari: hoto baƙi da fari kan farar takarda dusashewa yake. Ki yanko takarda mai duhu 11 da 16, ki ɗora hoton 10 da 15 bisa, rabin santimita ya leƙo ta kowane gefe, za ki ga ya fito ras.

Ɗalibar Jami'ar Dan Dicko:
Mama, rubutun nan shi ne abin da jikokinki za su fi nema. A gidanmu akwai hotunan hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsina, mutane cike, amma yau ba mai iya faɗin sunan ko rabinsu. Kowane shafi ki rubuta wa ke ciki, daga hagu zuwa dama, da wuri da shekara, da layi biyu na abin da kike tunawa. Da hannunki, Mama, ko boko ko ajami. Ki rubuta a ƴar takarda daban ki manna, don in an yi kuskure a sake. Bayan hoto kuma fensir mai laushi, don bik yana huda shi ya fito ta gaba.

Maman Ƴan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, akwai hoton Inna guda da nake so na asalin ya tafi da ita. Yaya zan yi?

Mai Wankin Hoto, Ɗan Gulbi:
Ki yanko kusurwoyin ambulan huɗu, ki liƙa su a shafin, ki zura kusurwoyin hoton ciki. Kol bai taɓa shi ba, kuma yana fita duk sadda aka so. Ki sa farar takarda marar kauri tsakaninsa da shafin da ke fuskantarsa, don zafin Afrilu da Mayu da laimar damina suna sa hotuna su manne da juna. Ki gaya wa amarya ta ajiye kundin a kabad, nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara, ta riƙa buɗe shi yana shan iska lokaci lokaci.