Wace kalma za mu ba "surréalisme" da Hausa?

1/ Jiya da dare a gidanmu nan Yamai, ɗan ƙanwata ya nuna mini wani zane a wayarsa, an ba su aiki a kansa a lakwal. Zanen Salvador Dalí ne, ɗan Sifaniya, na 1931. Agogo uku sun yi laushi, ɗaya an rataye shi a reshen busasshen icce kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na huɗu bai narke ba, amma tururuwa ta lulluɓe shi.

2/ Inna ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, ta ce: "Ɗan nan, wannan mi ne ne?" Na buɗe baki, Faransanci kawai ke zuwa. Abin ya dame ni.

3/ Kalmar "surréalisme", sunan irin wannan zane, daga Faransa ta fito. Marubuci Apollinaire ya ƙirƙire ta a 1917, wani marubucin, André Breton, ya kafa mata tafiya a Paris a 1924. Nufinsu a zana abin da zuciya ke gani in hankali ya saki linzami, kamar cikin barci. Dalí ya ce cuku ne mai narkewa ya kawo masa agogunan. Nasu mai laushi fa, ba namu na Tawa da ake gasawa a sha shayi ba.

4/ Wani ya ce "almara". Ban yarda ba, almara labari ce, da baki ake ba da ita. "Zanen aljanu" kuwa zai kori masu kallo, kuma ƙarya ne.

5/ Inna ce ta raba gardama ba ta sani ba. Ta ce: "Ai mutumin nan mafarki ya yi ido biyu." Na tsaya a nan: zanen mafarkin ido biyu. Duwatsun bakin teku da inuwa da ke cikin zanen duk daidai suke kamar hoto, ido a farke ya zana su. Agogon ne kaɗai ya bi dokar barci.

6/ Saura ma'anar da ke ɓoye, "symbolisme". Muna da kurman baƙi, rubutun da sai mai sani ke warwarewa. Me zai hana kurman zane? Tururuwar nan ruɓewa take nufi, kamar yadda mai fassarar mafarki ba ya ɗaukar maciji a matsayin maciji.

7/ Ƴan uwa na Adar da Damagaram, kurman zane ya zauna muku a baki, ko kuna da wadda ta fi ta?