Bayan alƙali ya yanke hukunci: ku ba mu labarin abin da ya biyo baya

Mai shagon atamfa, Kantin Kwari: Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda aka taɓa yanke hukunci a shari'arsa ya ba mu labarin abin da ya faru daga ranar zuwa yau, domin labaran kotu da muke ji a rediyo a bakin alƙali suke tsayawa. Ni bashi ne ya kai ni. Wani abokin ciniki ya karɓi dilolin atamfa na naira miliyan 3 da ɗoriya, ya yi shekara yana yi mini gobe-jibi, sai na shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019, wadda aka tsara ta gama shari'a cikin kwana 60, kuma ba dole sai da lauya ba. Gaskiya ba a ɓata mini lokaci ba: na kawo littafin shago da saƙonnin waya, shi ma bai musa ba, alƙali ya ce ya biya. Na koma kasuwa ana yi mini barka, alhali ko kwabo bai shigo hannuna ba. Sai da na sake neman takardar zartar da hukunci, na biya kuɗin mota, muka je da ma'aikatan kotu domin a kama kayansa a yi gwanjo, muka tarar ya kwashe shagon tas. Yau wata bakwai ke nan.

Marubuciyar littattafai, Zariya: Wa'alaikumus salam. Alhaji, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Ni tun kafin a kai ga hukunci na sha tawa wahalar. Littafin da na yi shekara biyu ina rubutawa, na sayar da zoben zinarena na buga, shi wani ya ɗauka yana karantawa kashi-kashi a tasharsa ta intanet, yana samun kuɗin talla, har ma ya cire sunana daga bango. Lauyan da na fara ɗauka ya shigar da ƙarar a babbar kotun jiha, aka yi wata takwas ana zirga-zirga, daga ƙarshe aka kori ƙarar saboda kotun ba ta da hurumi. A ranar na san cewa sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'ar haƙƙin mallaka da tambarin kasuwanci da ƙirƙire-ƙirƙire. Muka koma can muka faro daga tushe.

Abin da ya cece ni shi ne rubutun hannuna na farko da rasit ɗin maɗaba'a mai kwanan wata, domin doka ba ta ce sai ka yi rajista kafin littafi ya zama naka ba, amma alƙali yana buƙatar hujjar da zai riƙe. An hana mutumin ci gaba, an kuma yanka masa diyya, ya biya kusan rabi. Sai dai a lokacin muryar ta riga ta bazu a wayoyin mutane, ana tura ta kyauta, kwafe 600 kuwa suna nan jibge a ɗakina. Na taɓa karanta yadda Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce a biya MCSN, ƙungiyar da ke kare haƙƙin mallakar mawaƙa, diyyar kusan naira biliyan 5.9 a 2018 kan amfani da waƙoƙi ba izini, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2020, amma irin wannan sai ƙungiya mai ƙarfin jure shekaru. A ganina abin da ya fi amfanar irinmu a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, shi ne damar rubuta wa mai shafin intanet takardar ƙorafi ya sauke abin da aka sata tun kafin ya yaɗu.

Direban tirela, Suleja: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Mu namu na laifi ne, kuma mu ne ɓangaren wanda ake tuhuma. An kama ƙanena a Abuja bisa zargin hannu a fashi, aka hana shi beli. An saurari shaidu biyar, saura kaɗan a gama, sai aka ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Lauyanmu ya ce kada mu damu, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yarda alƙalin ya dawo ya ƙarasa. Ana haka, ranar 8 ga Mayu 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu shekara 12, a kan cewa alƙalin da ya haura sama ba shi da ikon komawa ya zauna a ƙaramar kujera. Ba mu san shi ba, bai san mu ba, amma hukuncinsa ya faɗo a kanmu, domin sai da aka sake shari'ar ƙanena daga farko a gaban wani alƙali. Sannan yajin aikin ma'aikatan kotuna na 2021 ya rufe ƙofa daga Afrilu zuwa Yuni. Da aka zo ƙarshe an sallame shi, an wanke shi, bayan shekara biyar a tsare. Mahaifiyarmu ta rasu yana ciki. Ya fito ba aiki, ba wanda ya ce masa yi haƙuri, kuma har yanzu akwai masu nuna shi da baki a unguwa.

Uwar marayu, Gusau: Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ɗana. Ni gadon mijina ne. Kotun shari'ar Musulunci ta raba, ta ba ni tumunina, ta ba 'ya'yana gidan. Ƙanin marigayin ya ɗaukaka ƙara, ya ce tunda ya ɗaukaka ba mai taɓa gidan, shi kuma yana ci gaba da karɓar kuɗin haya. Na yarda da maganarsa, na zauna ina jira shekara guda cur.

Lauya, Kaduna: Hajiya uwar marayu, ku yi mini izini in fara da naku. Ƙa'idar da muka sani ita ce ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai wanda ya ɗaukaka ya nemi umarnin dakatarwa kuma kotu ta ba shi. Ku je wurin magatakarda ku tambaya ko akwai irin wannan umarni a fayil, ku kuma roƙi kotu a riƙa ajiye kuɗin hayar a hannunta har a gama.

Alhaji, tunda shagon ya zama wayam, ku nemi kotu ta riƙe kuɗin da yake da su a banki. Za ta fara ba da umarnin wucin gadi, a kai wa bankin da shi kansa aƙalla kwana 14 kafin zama, idan babu gamsasshen dalili sai ta tabbatar a biya ku daga asusun. Ni ma akwai hukuncin da na samo wa wani ɗan kwangila a kan wata ma'aikatar gwamnati, wanda har yau bai ga kuɗinsa ba, saboda sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato ana neman izini daga lauyan wanda ake bi bashi. Wannan sashe yana yi mini ciwo ƙwarai, kuma ina ganin lokaci ya yi da majalisa za ta sake duba shi.

Mai shagon atamfa, Kantin Kwari: Na gode, Barista. Na san bankin da yake ajiya, domin ta nan ya taɓa turo mini kafin alƙalami, rasit ɗin kuma yana cikin littafin shago. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai shi kotu.