Manhaja ɗaya, hannu da yawa: yadda ta kaya da mu

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum. Mu shida ne muke rubuta manhajar lissafi ta wata ƙungiyar manoman albasa, uku a nan Tawa, biyu a Yamai, ɗaya kuma yana karatu a Faransa, kowa yana aiki lokacin da ya samu sukuni. Ranar da muka haɗa sassan, sai muka ga kuɗin kowane buhu ya zube zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Ashe wanda ya rubuta sashen kasuwa da dala yake shigar da farashi, kamar yadda ƴan kasuwa suke faɗa, shi kuwa mai sashen rahoto ya ɗauki adadin a matsayin sefa, alhali dala ɗaya sefa 5 ce. Kowane sashe lafiyarsa ƙalau, a wurin haɗuwa ne aka samu tangarɗa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan su ba mu labari.

Hajiya ta Yantala:
Ƙanena, mu kwanan wata ne ya wahalar da mu, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afirilu ne, amma wani ɗan sashe da muka aro daga intanet tsarin Amurka yake bi, yana karanta shi 4 ga Maris. Mun rubuta takardar ƙa'idoji, ba wanda ya buɗe ta, har ni da na rubuta. Sai da muka mayar da kowace ƙa'ida gwajin da na'ura take yi da kanta, tana ƙin duk aikin da ya saɓa, sannan muka samu sa'ida.

Malamin Harobanda:
Hajiya ta yi gaskiya, amma gwaji ba ya kama abin da ba a taɓa tunaninsa ba. A 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan da tsarin mita. Ku shida, in aka ɗauke ku biyu-biyu, kuna da hanyoyin magana 15 tsakaninku, in kun kai goma su zama 45. Shi ya sa a aikin Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta da mutane da yawa suke haɗuwa su rubuta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kowane sashe yana da mai kula da shi, kuma sai ya amince gyara yake wucewa. A aikin da na yi da ɗalibaina, sai da na ba mutum ɗaya ikon cewa a'a sannan fasalin ya tsaya.

Ɗan Tawa:
Allah ya saka da alheri, Malam. Sai dai mu ba mai biyan kowa, kuma da na mayar wa abokinmu na Faransa aikinsa ba bayani, sati uku bai ce uffan ba. Yanzu kafin kowa ya rubuta layi ɗaya, sai mu yi shawara a kan sunayen bayanai da ma'auninsu, kuma sefa muka tsayar. Dala a kan allo kawai take fitowa, domin manoman da ita suka saba.